Daga Greensboro Zuwa Seattle da Tanti a Bayan Mota

Da takardar sabon aiki ta iso, taswira na fara buɗewa. Greensboro tana Karolina ta Arewa, a gabashin Amurka. Seattle kuwa tana can ƙuryar arewa maso yamma, ta ɓangaren tekun Fasifik. Tsakaninsu kimanin kilomita 4,500 ne in mutum ya miƙe bai ratse ko'ina ba, wato ya fi tafiya daga Yamai zuwa Diffa sau uku. Kamfanin gyaran jiragen saman da ya ɗauke ni ya ba da kuɗin ƙaura dunƙule guda, ya ce mu yi yadda muka ga dama da su. Mafi sauƙi shi ne mu ba 'yan babbar mota kayan gida har da motarmu, mu hau jirgi, cikin yini guda mu sauka. Zuciyata ta ƙi.

Lokacin da na baro Nijar, da dare na shiga jirgi a Yamai. Na yi barci, na sauya jirgi, na sake barci, sai ga ni a wata duniya. Gangar jikina ta iso, hankalina yana Maradi, kuma ya daɗe bai biyo ni ba. 'Ya'yana biyu a Greensboro aka haife su. Nan makarantarsu take, nan islamiyyarsu, nan gidajen da suke shiga su ci abinci kamar gidan ubansu. Ban so a tumɓuke su da rana tsaka a dasa a wani wuri ba tare da sun san abin da suka tsallake ba. So na yi su ga ƙasar da ke tsakanin tsohon gida da sabo da idonsu, su taka ta, su kwana a kanta, ta yadda ranar da suka ce Greensboro da nisa, sun san abin da suke faɗi.

Wanda ya san Greensboro ya san 'yan Nijar sun yi yawa a cikinta, Zabarmawa da Hausawa, har mutum yana iya wuni bai yi Turanci ba sai a wurin aiki. Da labari ya bazu cewa a mota za mu tafi muna kwana a tanti, sai surutu ya tashi. Wani dattijo da nake ɗauka uba, wanda shi ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na zo ƙasar, ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, “Ɗana, in kuɗin otal ne babu, ka faɗa mini tsakanina da kai. Ka baro kwanan tabarma a Maradi, ka zo Amurka ka kwantar da iyalinka a daji?” Na ce, “Wallahi Baba ba rashi ba ne, so nake yaran su ga ƙasa.” Ya yi shiru, can ya ce to Allah ya kiyaye hanya, amma duk inda muka sauka in kira shi. Na gane damuwarsa. A wurinmu kwanan waje na wanda dare ya riska a hanya ne, ko wanda ya rasa masauki. Sai dai kakanninmu fatake, da suka yi ta kai kawo tsakanin Kano da Gwanja suna sayo goro, a zango suke kwana wata da watanni, kuma ba wanda ya taɓa kiransu matsiyata.

Maiɗakina ba ta ƙi ba, amma ta kafa sharaɗinta. Ta ce, “Baban yara, zan bi ka duk inda za ka, amma abincinmu za mu ci, kuma ba zan sauka inda babu makewayi ba.” Mako guda ta yi tana shiri. Doka ta hana shigo da nama Amurka daga gida, don haka kilishi ita ta yi abinta a obin, ta yanka naman fale-fale ta shafe shi da tunkuza da yaji. Ta yi dambun nama, ta soya miyar tumatir ta daskarar da ita cikin robobi don ta zama ƙanƙarar kula kafin a ci ta. Sai garin rogo da ƙuli-ƙuli, shinkafa, taliya, garin tuwo, kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa. Ni kuma nawa tanti ne, da risho mai gas, da jarkokin ruwa, da barguna masu zif da ake shiga cikinsu, da fitilar goshi, da butoci biyu, ta alwala da ta shayi, da 'yar mangal ɗin gawayina.

Wurin kwana ba a barinsa sai an je. Filayen zango na gwamnatin tarayya galibi ta shafin Recreation.gov ake kama su, kuma na wuraren da suka yi suna tun wata shida kafin ranar ake wawashe su. Mu da ba mu da wannan lokaci sai muka riƙa leƙawa safe da yamma muna jiran wanda zai fasa. Kuɗin dare guda yawanci dala 20 zuwa 40 ne, wasu wuraren ma kyauta, alhali ɗakin otal a lokacin bazarar Turawa da wuya ya gaza dala 100. Katin shiga gandayen dajin ƙasa na shekara dala 80 yake a lokacin, amma ba mu saya ba. Akwai tsarin da ke bai wa duk ɗan aji huɗu na firamare kati kyauta, shi da iyalinsa, kuma babbar 'yata a aji huɗu take. Ita ce ke miƙa kati a kowace ƙofa, ita ke shigar da mu. Na ga yadda wannan ya canja mata tafiyar, daga abin da aka yi mata zuwa abin da take da hannu a ciki.

Mun tashi bayan asuba a ƙarshen watan Yuni, Toyota Sienna ɗinmu cike har rufi. Maƙwabta suka fito rakiya, aka yi koke-koke da yafe wa juna. Zangon farko a Birjiniya ta Yamma muka yi shi, kusa da kwazazzabon New River. Akwai gadar ƙarfe a wurin da aka buɗe a 1977, tsakaninta da ruwa mita 267. In kana kanta ba ka sanin abin da ke ƙarƙashinka, sai ka gangara ta tsohuwar hanya mai kwana-kwana zuwa bakin kogin ka ɗaga kai. Daren bai yi daɗi ba. Ga zafi mai gumi, ga sauro, ga kukan ƙwari da ba ya yankewa. Autanmu ya yi ta farkawa yana tambayar yaushe za a koma gida, uwarsa tana shafa kansa tana ce masa gida yana gaba. A nan mai kula da filin ya gaya mana dokar itacen wuta: ba a ɗauko shi daga wata jiha, inda za ka ƙona nan za ka saya, saboda wani ƙwaro da aka fara gani a Mishigan a 2002 wanda ke bin itacen girki yana yaɗuwa, ya kuma kashe miliyoyin itatuwa.

Kentaki, kudancin Indiyana da Ilinoi mun wuce su da sauri a kan hanya mai lamba 64. Agogo ya koma baya da awa guda. A St. Louis muka tsallake kogin Misisipi, yara suka ga wani ƙaton gini na ƙarfe mai siffar baka, mai tsayin mita 192 da aka gama a 1965. Daga nan Kansas City, sai muka yi arewa muna bin kogin Misuri, masara dama da hagu iyakar ganinka, har Sioux Falls a Dakota ta Kudu. A can muka sami shagon 'yan gabashin Afirka muka sayi naman halal muka cika kula, don mun san gaba sai dai kifin gwangwani da kilishi.

Daga Sioux Falls aka hau hanya mai lamba 90, wadda ta fi kowace babbar hanyar tarayya tsawo a Amurka, daga Boston har Seattle. Ita ce za ta kai mu gida, duk da mun yi ta barinta muna dawowa. A garin Chamberlain hanya ta gangara ta tsallake kogin Misuri, kuma daga ƙetaren nan ƙasa ta sake. Masara ta ja baya, itatuwa suka ɓace, sai ciyawa gajera da shanu da sararin sama. Ruwan sama ya yi ƙaranci ga noma ba ban ruwa, shi ya sa kiwo ya karɓi wurin. Maiɗakina ta leƙa ta taga ta ce, “Wannan ai hanyar Dakoro ce da damina.” Gaskiyarta. Tun zuwana Amurka ban ga wurin da ya tuna mini da gida kamar nan ba.

Gandun Badlands ƙasa ce da ruwa da iska suka zaizaye suka bar tsaunukan laka masu layi-layi, fari da ja da rawaya. A yammacinsa akwai filin zango da ake kira Sage Creek. Hanyar tsakuwa ce ke kai mutum, kyauta ne, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Babu famfo, babu lantarki, babu inuwar kirki, sai makewayi na rami mai tsabta, wanda da shi sharaɗin uwargida ya cika. An hana hura wutar itace saboda busasshiyar ciyawa, amma an yarda da risho da gawayi a cikin mazubi. Kewaye da filin akwai ramukan wasu 'yan dabbobi masu kama da kurege, suna tsayawa da ƙafa biyu suna kuka da zarar ka matso. Autanmu ya manta da zancen komawa gida a wannan yammacin.

Da rana ta yi sanyi na hura gawayi na ɗora shayi. Kusa da mu akwai wani dattijon Bature da matarsa daga Minesota, sun yi ritaya, suna yawo da 'yar tirela. Ya tsaya yana kallon yadda nake ɗaga buta sama ina tsiyaya a ƙaramin kofi ina mayarwa har kumfa ta tashi. Na miƙa masa. Ya kurɓi na farko ya yamutsa fuska don ɗaci, na ce ya dakata, akwai na biyu da na uku. Ya jawo kujerarsa. Kafin a kai na uku mai zaƙi mun yi hirar kiwo, da fari, da yadda ake haƙa rijiya a ƙasarsu da tamu. Shi ne ya nuna mini yamma ya ce in dubi hadarin can, in ƙara wa tanti turaku, in ɗaure kowace igiya. Ya kawo gudumarsa muka yi tare.

Wajen tsakar dare iska ta iso. Ban taɓa jin irinta ba, don babu itace ko gini da zai rage mata ƙarfi. Tanti ya riƙa kwanciya a kan fuskokinmu yana tashi, walƙiya tana haska fili kamar rana. Tanti ba ya kare mutum daga tsawa, don haka muka kwashi yara muka shige mota. Muna ciki muna addu'a, ruwa da 'yar ƙanƙara suna dukan rufi, muna kallon tantin wasu samari yana birgima cikin ciyawa. Namu ya tsaya. Da hadarin ya wuce muka koma, gefe guda ya jiƙe, muka matsu a ɗayan.

Da asuba na fito da buta zan yi alwala, sai na ji huci. Ɓauna ce, irin ta Amurka mai tozo da gashi a wuya, tana kiwo tsakanin tantuna, wasu na biye da ita. Namijinta yana kaiwa kilo 900. Na tsaya cik a bakin tanti. Na ji ƙarar tsinkar ciyawa a bakinta, na ga tururin numfashinta, ga tsohon gashin sanyi yana zuba daga kafaɗarta faci-faci. Na taɓa ƙafar 'yata a hankali na ce, “Tashi ki gani, kada ki yi magana.” Muka zauna a ƙofar tanti har suka gangara rafi. Daga baya na ba ta labarin cewa irin waɗannan dabbobi miliyoyi ne a filayen nan, aka yi ta harbe su a ƙarni na 19 don fata da kuma don a karya 'yan asalin ƙasar da ke rayuwa a kansu, har suka kusa ƙarewa. Na Badlands ma sai a 1963 aka dawo da su.

Zancen salla, tafiya ta zo mana da sauƙin da addini ya bayar. Muna ƙasaru, muna haɗa azahar da la'asar in hanya ta yi tsawo, sau da yawa a kan ciyawar wuraren hutawa na gefen titi. Abin da ya ba yara mamaki alƙibla ce. A gida gabas muke fuskanta. A Greensboro arewa maso gabas ce. Muna ƙara yin yamma tana ƙara karkata, har a Seattle ta koma kusan arewa sak, saboda hanya mafi kusa zuwa Makka daga can ta saman duniya take bi. 'Yata ce mai duba alƙibla, kuma da yake sabis na ɗaukewa a daji, ƙaramin kamfas na saya mata, kowace safiya ta rubuta lambar a littafinta. Rana kuma ta yi tsawo. A Montana sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa, yara na gyangyaɗi kafin magariba.

Tsaunukan Black Hills suna gaba kaɗan da Badlands. A nan dutsen Rushmore yake, inda aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu tsakanin 1927 da 1941. Mun je mun gani, aiki ne babba. Amma ban yarda mu bar wurin ba sai da yara suka ji ɗaya rabin labarin. A 1868 gwamnatin Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie cewa tsaunukan nan na ƙabilar Lakota ne. A 1874 aka ga zinariya, a 1877 aka ƙwace. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce an karɓi ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce, kuma kuɗin suna ajiye suna ta haihuwa har sun haura biliyan guda, su kuwa suna cikin mafiya talauci a ƙasar. Duk wanda ya fito daga inda gonar gado take da daraja ya san abin da suke nufi. Na ga girmansu ƙwarai.

A Wayomin muka bar babbar hanya muka hau tsaunukan Bighorn ta hanya mai lamba 16, wadda ke bi ta wani mashigi mai tsayin mita 2,946. Ga Yuli ya kama, ga ragowar dusar ƙanƙara a gefen dutse. Dajin gwamnati ne, kuma a irinsa an yarda mutum ya kafa tanti a wurare da dama ba ko sisi, muddin ya kwashe shararsa. A nan wake ya ƙi dahuwa. A irin wannan tsayi ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, sai ka ga tukunya na ɓararraka amma abinci na nan da ƙarfinsa. Uwargida ta sauke ta kwaɗa garin rogo da ƙuli-ƙuli da albasa, muka ci muna rawar sanyi. Gangarowa kuma da ƙaramar giya ake yi, in ba haka ba birki ya yi zafi ya saki, balle mota mai kaya irin tamu.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, don masu hijabi a gida za su tambaya. A wani ƙaramin gidan mai a yankin, wani mutum ya bi maiɗakina da kallo tun daga mota har cikin shago, ya kuma furta maganar da ba zan maimaita ba. Ba wanda ya tanka masa, ba kuma wanda ya tanka mana. Muka biya muka tafi, mota ta yi tsit na tsawon lokaci. Ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Daga ranar muka riƙa shan mai a manyan tashoshi da rana, ba ma bari tanki ya gaza rabi, kuma ba ma isa zango da dare. A filayen zangon kansu kuwa, ban da alheri ba mu ga komai ba.

Yellowstone ta gabas muka shige shi, daga garin Cody. Shi ne gandun dajin ƙasa na farko a Amurka, an kafa shi a 1872, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 9,000, kuma a kan dutse mai aman wuta yake zaune, shi ya sa ƙasa ke tafasa a wurare da yawa. Mun sami wuri kusa da babban tabkin, wanda ke mita 2,357 sama da teku. Tun a wurin rajista aka karanta mana dokar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata. Duk abin da ke da ƙanshi ko wari ba ya kwana a tanti ko a kan tebur: abinci, tukwane ko an wanke su, kula, man goge baki, sabulu, man shafawa, turare. Filinmu yana da akwatin ƙarfe mai wani irin makulli da beyar ba ta iya buɗewa, a ciki ake zuba komai. Dalilin shi ne beyar da ta ɗanɗani abincin mutane ba ta dainawa, ƙarshenta sai an kashe ta.

Da yamma wata jami'ar gandun daji ta zo zagaye, daidai lokacin da miyar kuka ke kan risho. Ta tsaya ta shaƙi iska ta tambayi mene ne wannan. Maiɗakina ta buɗe robar daddawa ta miƙa mata. Matar ta shinshina, ta ja baya tana dariya, ta ce wannan kam beyar da ke bayan dutse ma za ta ji shi, a taimaka a sa shi can ƙuryar akwati a rufe da kyau. Sannan ta karɓi cokali ta ɗanɗani miyar, ta tambayi ganyen wane itace ne. 'Yata ta zana mata kuka a littafinta, da ƙaton gindi da 'ya'yanta masu reto. Ruwan wanke-wanke ma ba a watsar da shi a ƙasa, akwai wurin zuba shi na musamman. Turaren wutan uwargida da humrarta duk a akwatin ƙarfe suka kwana.

Sanyin dare ya kusa daskarar da ruwa. Kafin asuba sai na ɗora ruwan alwala a risho, in zuba a buta in kai mata bakin tanti. Amma wanda ya tashi a wannan lokaci shi ke ganin wurin. A kwarin Hayden muka tarar da garken ɓakane sun tare hanya, 'yan maruƙansu jajaye na tsalle a tsakiya, motoci sun yi layi ba mai yin oda. A 1902 ɓaunar daji ashirin da 'yan kai ce ta rage a gandun, yau dubbai ne. Doka ta ce a bar mita 23 tsakaninka da ɓauna, mita 91 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, amma sai ka ga mutum ya fita da waya yana matsawa don hoto. Wannan ganganci ne, kuma kusan kowace shekara sai ta tunkuyi wani. Mun ga Old Faithful, maɓuɓɓugar da ke tsarto tafasasshen ruwa sama da mita 30 kusan kowane minti 90. Fiye da rabin irin waɗannan maɓuɓɓugai na duniya a gandun nan suke. Ni dai tafkunan ruwan zafi sun fi kama ni, shuɗi a tsakiya, rawaya da ruwan lemo a baki saboda ƙananan halittun da ke rayuwa cikin zafin, ga warin farar wuta ya cika hanci. A kan gadar katako ake tafiya, ba a sauka, don ɓawon ƙasar ba shi da kauri. Hannun autanmu bai bar nawa ba.

Ta ƙofar arewa muka fita, wajen garin Gardiner, inda akwai wata tsohuwar ƙofar dutse ta 1903. A samanta an rubuta kalmomi daga dokar da ta kafa gandun, cewa don amfanin jama'a da jin daɗinsu aka yi shi. Na sa 'yata ta karanta da ƙarfi. Tun daga Birjiniya ta Yamma nake lura, baƙar fata a filayen zango sai ka wuni ba ka ga ko ɗaya ba, ɗan Afirka ta Yamma kuwa ban gamu da shi ba sam. Mutanenmu suna aiki dare da rana, masu tuƙi na tuƙi, masu masana'anta na tsaye, ana cire musu haraji, da harajin ake kula da wuraren nan, amma mutum ya yi shekara ashirin a ƙasar bai san komai ba sai hanyar aiki da ta masallaci da ta filin jirgi. Na san akwai masu jiran kuɗi a gida, ni ma ina da su. Duk da haka kwana biyu a tanti bai kai kuɗin ankon biki guda ba, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan ƙasarsu ce, ya kamata su san ta.

Montana mun ratsa ta a kan hanya mai lamba 90. Kusa da garin Butte akwai allo da ke nuna inda ruwa ke rabuwa: wanda ya zuba gabas da dutsen yana bin Misuri da Misisipi, wanda ya zuba yamma yana bin Kolumbiya zuwa Fasifik. A iyakar Aidaho agogo ya sake komawa baya, ya zama awa uku tsakaninmu da Greensboro, sai na riƙa kiran Baba da wuri kafin ya kwanta. Zangon ƙarshe a gabashin jihar Washinton ne, ƙasa busasshiya mai gonakin alkama, ba kamar yadda muke zato ba. An hana wutar itace da ta gawayi gaba ɗaya saboda gobarar daji, shayin daren a kan gas na dafa shi. Yara suka kafa tanti su kaɗai, babbar na ba ƙaramin umarni.

Washegari muka tsallake kogin Kolumbiya a Vantage, muka hau mashigin Snoqualmie. Tsaunukan Cascade ne ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, shi ya sa gabashinsu ya bushe, yammacinsu kuwa kore shar da dogayen itatuwa. Muka gangara cikin yayyafi. Gidan da muka kama yana kudu da Seattle, mun kuma riga babbar motar kaya isowa, don haka kayan zangon muka shimfiɗa a falo, risho ya koma baranda. Ranar Juma'a muka sami masallaci, galibi 'yan Somaliya da 'yan Gambiya, wani bawan Allah ya nuna mana shagon nama da islamiyyar yara. Kaya suka iso cikin mako, na fara aiki ranar Litinin. Da gari ya washe sai ga dutsen Rainier mai mita 4,392 ya bayyana ta kudu, fari fat da ƙanƙara. Katin 'yata bai ƙare aiki ba sai ƙarshen Agusta, don haka ita da uwarta suka zauna da waya suka kama mana fili a gindinsa kafin a koma makaranta.